Sanya wa rifita allon amo na CTCSS: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin masu rediyon sha'awa duk lokacin da aka ce za a sa wa rifita, wato na'urar da ke sake watsa magana don ta kai nesa, amo ta hanyar ɗan allon lantarki da ake dasa mata. Wasu na masu riƙe da ƙarfen dalma ne, wasu kuma na masu oba-oba a hannu da suka wayi gari rifitar da suka saba shiga ta daina amsa musu. Na haɗa su wuri guda, na amsa gwargwadon abin da hannuna ya taɓa.

Shi wannan amo, mene ne shi?

Rifita tana sauraro a firikwensi ɗaya, tana sake watsa abin da ta ji a wani firikwensin nan take. A zangon mita 2 na masu rediyon sha'awa, tazarar da ke tsakanin biyun yawanci kHz 600 ce. In ba a gindaya mata sharaɗi ba, duk abin da ya faɗo kunnenta ɗauka za ta yi ta watsa.

CTCSS (Continuous Tone-Coded Squelch System) shi ne sharaɗin. Rediyon mai magana yana aika wani amo mai kauri, ƙasa-ƙasa, wanda ba ya yankewa muddin yana danne da maɓallin magana. Amon yana tsakanin Hz 67.0 da Hz 254.1, ita kuwa murya a irin wannan rediyo tana tafiya ne tsakanin Hz 300 da Hz 3000, don haka ana iya raba su kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki. Rifita ta ji amon da aka sa mata, ta buɗe. Ba ta ji ba, ta yi gum.

Kamfanin Motorola ya sa masa suna Private Line, shi ya sa za ka ji ana ta cewa PL. General Electric ya kira nasa Channel Guard, RCA kuma Quiet Channel. Abu ɗaya ne. Sunan Motorola ɗin ya ruɗi mutane da yawa, domin babu wani sirri a ciki: duk mai risiba a firikwensin yana jin kowace kalma.

Ai rifitar tana da matoshin hayaniya nata. Me ya kawo ƙarin wani?

Matoshin da ta zo da shi, wato sashen da ke rufe risiba in babu sigina, abu ɗaya ya sani: akwai sigina ko babu. Bai san ta wane ne ba. Akwai lokutan da yanayin iska ke sa siginar VHF ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, sai masu amfani da wata rifita mai nisa da ke firikwensi ɗaya da taku su riƙa tayar da taku ba da saninsu ba. Akwai kuma hasumiyar da ta cika da tiransimitoci, siginoninsu na cakuɗuwa a wata tsatsar ƙarfe ko a cikin wata amfilifaya, su haifi wata sabuwa da za ta faɗa daidai bakin risibarku. Ga kuma kayan kwamfuta da fitilu masu zubar da tartsatsi. Duk waɗannan suna buɗe matoshi, rifita ta kwana tana tashi tana kwanciya, har masu sauraro su gaji su kashe rediyo.

To sanya allon zai kawar da katsalandan ɗin ke nan?

A'a, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta kafin a taɓa waya ko ɗaya. Allon mai gadi ne a bakin ƙofa. Yana hana rifita tashi a kan abin da ba nata ba, amma siginar da ke damunta tana nan a cikin risiba, ba ta je ko'ina ba. Da zarar wani mai ƙaramin oba-oba daga nesa ya shigo da amonsa daidai, zai tarar da ita tana jiransa. A FM kuwa mai ƙarfi shi ke danne mai rauni, don haka ko dai a ji muryarsa a cakuɗe, ko ma rifitar ta kasa jin amonsa gaba ɗaya.

Haka nan in tiransimitar rifitar ce ke kurmantar da risibarta saboda dufuleksa, wato filtar da ke ba risiba da tiransimita damar amfani da eriya ɗaya, ba ta saitu ba, ko kebul ya sha ruwa, amo ba zai yi komai a kai ba. Abin da ya fi damuna shi ne yana rufe ciwon. Kafin a sa shi, kowa yana jin rifita na tashi haka kawai, an san da matsala. Bayan an sa, sai a ji tsit, a ɗauka an warke, alhali nisan da rifitar ke ji ya ragu ba wanda ya lura. Shi ya sa nake ba da shawara a fara neman tushen hayaniyar, a gyara abin da zai gyaru, sannan a sa amo ya tare ragowar.

Wane allo zan nema?

Fara duba ko kana buƙatarsa ma. Rifitocin zamani da kwantirololi (na'urorin da ke tashe su da kashe su) da yawa sun zo da CTCSS a ciki, saiti kawai ake yi. Masu amfani da manhaja irin SvxLink a kan ƙaramar kwamfuta ma za su iya barin manhajar ta gane amon, in katin sautin yana wuce da ƙananan firikwensi.

Allo na dabam yana shigowa ne a tsofaffin rediyoyin kamfani da aka mayar rifita, irin Motorola Micor da GE MASTR II. Allunan farko-farko suna amfani da wani ɗan tsinken ƙarfe mai karkarwa a firikwensi guda, in za ka canza amo sai ka canza tsinken. Daga baya aka samu alluna irin TS-32 da TS-64 na kamfanin Communications Specialists, waɗanda ake zaɓen amo a kansu da 'yan makunnai ko da ɗigon dalma. Allo mai kyau yana da sassa uku: mai gane amo, mai samar da amo, da filta mai cire amon daga murya.

Wasu kan so su haɗa nasu da NE567, wani ɗan guntun lantarki mai gane amo. Don koyo ba laifi. A rifita kuwa ban yarda da shi ba, domin rizista da kafasita ne ke riƙe firikwensinsa, zafi da sanyi suna ja da su, kuma tsakanin Hz 100.0 da Hz 103.5 bambancin kashi 3.5 ne kacal cikin 100. Nemi wanda kiristal ke riƙe da shi.

Daga ina zan ɗauki sautin da zan ba mai gane amo?

Mafi yawan aikin da ya lalace, a nan ya lalace. Kada ka ɗauka daga lasifika, kada ka ɗauka bayan maɓallin ƙara sauti. An gina risiba ne don ta zubar da duk abin da ke ƙasa da Hz 300 kafin ya kai kunne, to in ka ɗauka daga can, amon ya riga ya tafi. In ma ɗan kaɗan ya tsira, ranar da wani ya murɗa maɓallin sauti rifita ta kurmance.

Wurin ɗauka shi ne fitar disikirimineta, sashen da ke ciro sauti daga siginar FM, inda sautin yake ɗanye, ba a tace shi ba, matoshi ma bai taɓa shi ba. A rediyoyi da yawa wannan wurin shi ne ƙafar da sauti ke shiga maɓallin sauti ko na matoshi, kuma littafin gyaran rediyon zai nuna maka shi. In ka ɗora osiloskof a wurin babu sigina, za ka ga hayaniya cike da fuskarsa. Ka aiko sigina mai amo ba murya, hayaniyar ta kwanta, ka ga igiya mai santsi tana tafiya a hankali. In ka ga haka, ka samu wurin.

Sai kafasitar da za ta shiga tsakani. Mun taɓa kwana biyu a kan wata rifita da aka sa wa amon Hz 77.0: mai sigina mai ƙarfi yana shiga, na nesa ba ya shiga, har an fara cewa allon ne ya zo da lahani. Da muka bi wayar, sai ga kafasita mai 0.1 µF tana shiga kan rizista mai 10 kΩ. Waɗannan biyun sun zama filta da ke fara yanka daga wajen Hz 159 zuwa ƙasa, wato amon yana isa allon a raunane. Muka sa mai 1 µF, iyakar ta sauka zuwa wajen Hz 16, nan take na nesa suka fara shiga.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: matoshin risiba daga wannan wurin yake auna hayaniya mai tsini don ya san ko akwai sigina. Doguwar waya mai rufi tana shanye wannan hayaniyar, sai matoshi ya ɗauka sigina ta zo ya buɗe. Maganinsa rizista a jere, a dasa ta daf da wurin da aka ɗauko sautin, waya kuma ta zama gajera. Bayan ka haɗa, sake duba inda matoshi ke rufewa, ka gani ko ya gusa.

Yaya zan haɗa fitar allon da kwantirola?

Allon yana da waya guda da ke canza hali in ya ji amo. A alluna da yawa tiransista ce ke jan wayar zuwa giraun, wato layin sifili na wuta, ba ta ba da wuta da kanta, don haka sai an sa rizista, kamar mai 10 kΩ, daga wayar zuwa wutar da kwantirola ke aiki da ita. Kada ka yi zato a kan ko wutar wayar hawa take ko sauka in ya ji amo. Sa mita, aiko amo, ka gani da idonka, sannan ka saita kwantirola ta dace. In aka juya, rifita za ta tashi ga kowa ban da mai amo.

Ka bar siginar matoshi, wadda ake kira COS ko COR, a haɗe, ka sa kwantirola ta nemi duka biyun kafin ta buɗe. Dalili kuwa, mai gane amo yana da jinkiri wajen saki: mutum ya ɗaga yatsa daga maɓalli, shi bai farga ba sai bayan ɗan lokaci, a tsakanin nan kowa ya sha fashewar hayaniya a kunne. Matoshi ya fi shi saurin rufewa. Shi kuma mai gane amo yakan ruɗe jefi-jefi a cikin hayaniya zalla ya ce ya ji amo. In an ɗaure su tare, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa baya.

Dole ne rifitar ita ma ta aika amo?

Ba dole ba ne, amma yana da amfani ga masu sauraro a wuri mai hayaniya, su ma su kulle risibarsu. Yana kuma taimaka wa masu haɗa rifita ta rediyo da EchoLink ko AllStar, tsare-tsaren da ke haɗa rifitoci ta intanet: in aka sa amon ya fita ne kawai lokacin da mutum ke magana, na'urar haɗin ba za ta kwashi wutsiyar rifita, wato siginar da ke ɗan ci gaba bayan an gama magana, da kiran sunanta da alamun Mos ta aika duniya ba.

A ina ake shigar da shi a tiransimita?

Ba ta makirufo ba. Hanyar makirufo tana da filta mai zubar da ƙananan firikwensi, tana kuma da mai datse murya in ta yi yawa. Amon da ya bi ta nan ko dai ya ɓace, ko murya mai ƙarfi ta tattake shi. Ana shigar da shi bayan mai datsewar, daf da modiuleta, sashen da ke ɗora sauti a kan sigina. Rediyoyin kamfani galibi suna da ƙafa ta musamman don haka.

A san kuma irin tiransimitar. Mai FM kai tsaye tana ɗaukar kowane amo kusan daidai wa daida. Mai juya zubin igiya, wato PM, ƙarfinta yana raguwa da rabi duk lokacin da firikwensin sauti ya ragu da rabi, don haka Hz 67.0 yana ba ta wuya, in ka matsa mata sai amon ya fito a karkace, a riƙa jin ƙugi. A irin wannan, amo na sama-sama ya fi sauƙi.

Wane ƙarfi zan ba shi?

Ana auna shi da faɗin lilon da yake sa sigina ta yi daga tsakiyarta. Inda cikakken lilon murya yake kHz 5, amo yakan zauna tsakanin Hz 500 da Hz 750. A ƙunƙuntar tasha mai kHz 2.5, kusan rabin haka. Ya gaza, rediyoyin mutane su riƙa buɗewa suna rufewa. Ya wuce, a ji shi yana gurnani ƙarƙashin kowace magana. Kuma amo da murya kaso ɗaya suke ci, don haka in ka ƙara amo, rage iyakar murya kaɗan yadda jimillar ba za ta haura ba.

Kunne ba ma'auni ba ne a nan. In akwai na'urar gwajin rediyo ta masu gyara, shi ke nan. In babu, ga wata dabara da ƙaramar risibar SDR, wadda ake haɗawa da kwamfuta a ga hoton sigina. A FM, in ka raba faɗin lilo da firikwensin amo ka samu 2.405, layin tsakiya na siginar yana ɓacewa. Ka haɗa tiransimita da lodin gwaji, wato rizistar da ke shanye sigina, maimakon eriya, ka kashe hanyar murya, ka sa allon a Hz 250.3, ka buɗe hoton siginar sosai har ka ga layuka a jere kamar haƙoran mataji. Fara daga sifili, ka riƙa murɗa ƙarfin amo a hankali. Na gefe za su taso, na tsakiya ya riƙa sauka, har ya nutse karo na farko. A daidai nan lilonka yana wajen Hz 600. Sai ka mayar da allon kan amon da kake so. Wannan yana aiki ne a tiransimita mai FM kai tsaye kawai. A mai PM, lilon zai sauya da ka sauya amo.

Me ya sa ake jin wani ƙugi mai hawa da sauka tun da muka sa allon?

Amon mai magana ne ke ratsawa ya fita tare da na rifita. Biyun ba za su taɓa zama daidai cif ba, ɗan bambancin shi ne kake ji yana kaɗawa, kuma yana iya rikita rediyon mai sauraro ya rufe. Bi da muryar risiba ta cikin filtar allon kafin ta je kwantirola.

Wane amo za mu zaɓa?

Fara tambayar masu tsara firikwensin rifitoci na yankinku, domin a wurare da yawa an raba amo yanki-yanki. Bayan haka, guji na maƙwabta masu firikwensi ɗaya da ku, har da wanda ke daf da nasu a jeri. Guji ƙugin wutar lantarki: inda wuta take Hz 50, na'urar ba da wuta mai rauni tana zubar da Hz 100, wanda ya faɗa daidai kan amon 100.0. Inda take Hz 60, a yi hattara da 118.8 da 123.0 da 179.9. Su kuma 131.8 da 136.5 suna kusa da Hz 134.4 da tsarin DCS, ɗan'uwan CTCSS mai aiki da lambobi, ke aikawa a ƙarshen magana.

Na can ƙasa sun fi jinkirin ganewa, na can sama sun fi fitowa a lasifika. Ga kuma 88.5 da 100.0 da suka yi yawa a ko'ina, har amfaninsu na tacewa ya ragu.

Amon shiga da na fita su zama iri ɗaya?

Ya fi wa masu amfani sauƙi, kuma haka aka fi yi. Haɗarinsa ɗaya ne: in siginar rifita ta cakuɗu da wata ta dawo bakin risibarta, za ta dawo ne ɗauke da amon da ke buɗe ƙofa, rifita ta riƙe kanta tana kuka. A hasumiya mai cunkoso, a bambanta su, ko a sa amon fita ya ɗauke da zarar mai magana ya saki.

Akwai hanyar kashe fashewar nan ta ƙarshen magana a rediyoyin mutane?

Akwai. Rediyoyin kamfani suna juya zubin amon na ɗan ƙiftawar ido kafin tiransimita ta mutu, abin da aka ƙirƙiro don tsayar da karkarwar tsinken nan na da. Motorola na juyawa da digiri 120, wasu da 180, shi ya sa na wani kamfani ba lallai ya yi aiki da na wani ba. Hanya mai sauƙi da ke aiki da kowa ita ce kwantirola ta yanke amo, ta bar tiransimita a kunne na kamar sulusin daƙiƙa, sannan ta kashe.

A kan tebur yana aiki, a hasumiya ya ƙi. Me ke faruwa?

Kusan kullum siginar tiransimita ce ke shiga allon ta wayoyinsa. Gwada da lodin gwaji, sannan da eriya, ka ga ko hali ya canza. Sa allon cikin akwatin ƙarfe ko cikin ɓangaren risiba, wayoyin sauti su zama masu rufi, ka zura ƙwayar ferayit mai tare siginar rediyo a kowace waya, ka sa kafasita mai 1 nF daga wayoyin wuta da na umarni zuwa giraun. Giraun ɗin allon kuma a ɗauke shi kusa da inda aka ɗauki sauti, kada ya bi hanyar da wutar amfilifaya ke komawa.

Wasu suna cewa farkon maganarsu na yankewa, wasu kuma tana tsinkewa a tsakiya.

Na farkon ba lahani ba ne. Allon yana buƙatar kamar rubu'in daƙiƙa ya tabbatar da amo, in kuma an haɗa rifitoci biyu ko uku, kowace da nata jinkirin. A danna, a ɗan numfasa, sannan a yi magana.

Na biyun yakan zo daga rediyon mai maganar. Murya mai kauri tana da sassa a cikin zangon amon, in rediyon bai tace su ba sai su rikita allon. Ko kuma lilonsa ya yi yawa, in ya ɗaga murya siginar ta fita daga filtar risiba, amon ya tsinke. In mutum ɗaya ne ke kuka, a auna rediyonsa. In kowa ne, koma kan sautin da kake ba allon, wataƙila ya yi kaɗan ko ya yi yawa har yana datsewa.

Waɗanda rediyonsu ba ya aika amo fa?

Wannan tambaya tana da nauyi a wurina, domin rifitar masu sha'awa ta jama'a ce, kuma sau da yawa mai tsohon rediyo shi ne wanda ya fi daɗewa yana hidimarta. A sanar tun da wuri. A rubuta amon a jerin rifitoci, in kwantirola tana magana a sa ta riƙa faɗinsa tare da sunan tashar. Ƙaramin allo mai samar da amo kaɗai yana shiga yawancin tsofaffin rediyoyi, kuma ranar aiki guda ta ƙungiya ta isa a sa wa mutane da dama. A Turai, inda aka daɗe ana tayar da rifita da gajeren amon Hz 1750, wasu rifitocin suna karɓar duka biyun.

A kuma tanadi umarnin DTMF, wato sautin maɓallan lamba na rediyo, da mai kula da rifita zai cire sharaɗin amon daga nesa. Ranar gaggawa, baƙon da ya shigo yankin da oba-oba bai san amonku ba, kuma ba lokacin hawa hasumiya ba ne.

Me zan gwada kafin in rufe akwatin in sauko?

Aiko sigina ba amo, ka tabbatar ba ta tashi ba. Aiko da amon da ke sama da naku da wanda ke ƙasa da shi a jeri, su ma kada ta tashi. Sannan aiko da naku, ka riƙa rage ƙarfin siginar har murya ta fara nutsewa cikin hayaniya: allon da aka haɗa daidai yana riƙe da amon har zuwa nan, bai kamata ya riga matoshi saki ba. Maimaita wannan gwajin tiransimita tana kunne a kan eriyarta ta gaskiya. Daga nan ka rubuta amon, da faɗin lilon da ka saita, da launin kowace waya da inda ta tafi, ka manna takardar a cikin murfin akwatin.